Koyar Da Likitoci Ɗaukar Hoton Zuciya: Yadda Za A Auna Amfanin Koyarwar Gauraye



Maganar da ta tara jama'a a yau ta shafi wata na'ura ce, da kuma hannun da zai riƙe ta. Na'urar ita ce wadda ake ɗora kanta a ƙirjin majiyyaci, sai ga zuciyarsa ta bayyana a allo tana bugawa, ana ganin ɗakunanta huɗu da ƙofofinta huɗu suna buɗewa suna rufewa. Likitoci suna kiran wannan aiki eko, jama'a kuwa sukan ce hoton zuciya. A shekarun nan an fito da wata hanya ta koyar da aikin, inda ake gauraya karatu ta intanet da horo a gaban malami, watau koyarwar gauraye. Tambayar da ke gaban hukumomin lafiya, wadda kuma ta shafi duk mai biyan haraji da duk mai zuwa asibiti, ita ce: shin likitan da aka horar ta wannan hanya ya iya aikin kuwa? In an ce ya iya, da wane mudu aka auna?

Asalin na'urar da wahalarta

A shekarar 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, wani likitan zuciya mai suna Inge Edler ya haɗa kai da wani masanin kimiyya, Hellmuth Hertz, suka aro wata na'ura daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo. Aikin na'urar a can shi ne gano tsaga a cikin ƙarfe. Suka gwada ta a ƙirjin mutum, suka ga motsin zuciya. Daga nan aikin ya samo asali.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya yi kira a bakin rijiya mai zurfi zai ji muryarsa ta dawo masa. Haka na'urar ke aika sauti cikin jiki, ta saurari amsa-kuwwarsa, ta lissafa nisan abin da ya maido shi, sa'an nan ta mai da lissafin hoto. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, amma sautin wannan na'ura yakan kaɗa sau miliyan 2 zuwa miliyan 5 a daƙiƙa, yana kuma ratsa tsoka da gudun kimanin mita 1,540 a daƙiƙa. Ba yanka, ba allura, ba kuma hasken nan na hoton ƙashi da ake tsoron yawansa, saboda haka ko mai ciki ana yi mata.

To, ina wahalar take? Wahalar ita ce sautin ba ya ratsa ƙashi, ba ya kuma ratsa iska, zuciya kuwa Allah ya ajiye ta bayan haƙarƙari, huhu cike da iska ya kewaye ta. Tilas mai ɗaukar hoto ya nemi 'yan kafofi tsakanin haƙarƙari, ko ƙarƙashin ƙahon zuci, ya karkata kan na'ura kaɗan, ya murɗa shi kaɗan, ya danna daidai gwargwado, majiyyaci yana kwance a gefen hagu yana numfashi. Kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba yakan sa ɗakin zuciya ya bayyana gajere, ko ƙofar da ke yoyo ta bayyana lafiya lau. Watau aikin kashi biyu ne: akwai na ido, wanda shi ne karanta hoto, akwai kuma na hannu, wanda shi ne samo hoton. A riƙe wannan bambanci, domin duk maganar da za ta biyo baya a kansa ta rataya.

Dalilin da ya sa ake gaggawa

A ɗauki misalin majiyyata uku da suka zo babban asibitin wata ƙaramar hukuma a rana ɗaya, kowannensu da haki da kumburin ƙafa. Ta farko mai jego ce, naman zuciyarta ya saki, ba ya iya tura jini. Ta biyu yarinya ce 'yar shekara goma sha biyar, ƙofar zuciyarta ta tsuke. Na uku magidanci ne da tarin fuka ya sa ruwa ya taru a jakar da ke kewaye da zuciyarsa, yana matse ta. Alamun kusan iri ɗaya ne, amma maganin ya sha bamban. Maganin rage ruwan jiki da zai sauƙaƙa wa mai jego yana iya jefa magidancin nan cikin haɗari, domin shi abin da yake bukata a zuƙe ruwan da allura. Hoton zuciya na minti goma, a hannun wanda ya iya, yana raba gardama.

Waɗannan cututtuka ba baƙi ba ne a Nijeriya. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta bayani a kan yawan gazawar zuciya ga masu jego a Zariya, kuma binciken da aka buga daga Sakkwato a 2007 ya sami kimanin mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari a asibitin da aka yi shi. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya haɗa ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin 100 na gazawar zuciyar da ke kwantar da mutane a asibiti. Sai kuma ciwon ƙofofin zuciya mai biyo bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba tun ana yara, wanda ke addabar fiye da mutum miliyan 40 a duniya, yana kashe fiye da 300,000 a kowace shekara, galibi a ƙasashe matalauta.

Game da wannan ciwo na ƙarshe, bincike biyu ne suka canza tunanin likitoci. A 2007 aka buga sakamakon awon 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik, inda na'urar hoto ta gano masu ciwon kusan ninki goma na waɗanda abin sauraren ƙirji ya gano. A 2021 kuma aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi a yankin Gulu na Yuganda: cikin yara 399 masu ɓoyayyen ciwon da aka riƙa yi wa allurar fenisilin duk bayan mako huɗu har shekara biyu, 3 ne kacal ciwonsu ya ci gaba, amma cikin 400 da ba a yi wa ba, 33 ne. Ashe ke nan gano ciwon da wuri yana da riba, kuma maganin mai araha ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu ganowa.

Hanyar da aka saba horarwa tana da inganci, sai dai tana da tsawo. A Amurka, likitan da zai riƙa karanta hoton zuciya shi kaɗai ana bukatar ya yi wata shida yana horo, ya ɗauki hoto 150 da hannunsa, ya karanta 300. A Ingila, ƙungiyar masu wannan aiki tana neman rahoto 250 a littafin ɗan koyo, ban da jarrabawar rubutu da ta aiki. A nan gida, Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, da takwararta ta Afirka ta Yamma, su ne ke yaye likitocin zuciya ta hannun asibitocin koyarwa irin na Ibadan, Legas, Inugu, Zariya da Kano. Amma likitan babban asibitin karkara, wanda sau da yawa shi ne na yara, shi ne na mata, shi ne na fiɗa, in ya tafi kwas na wata shida, wa zai bar wa majiyyata?

Wannan giɓi ne koyarwar gauraye ta zo cikewa. Likita yana wurin aikinsa, da dare ko bayan sallar asuba, ya buɗe wayarsa ko kwamfuta ya kalli darasi a kan tsarin zuciya da yadda sauti ke tafiya, ya kalli ɗaruruwan hotunan zukata masu lafiya da marasa lafiya, ya amsa tambayoyi. Bayan makonni sai ya zo horon 'yan kwanaki a gaban malami, ya gwada a jikin mutum-mutumi inda akwai shi, sa'an nan a jikin mutane. In ya koma, ya riƙa aiko da hotunan da ya ɗauka ana duba masa. Kullen annobar korona a 2020 ya ƙara wa wannan hanya kasuwa a duniya duka. Tana da farin jini ga masu riƙe da baitulmali saboda arha, tana kuma da farin jini ga likitoci saboda sauƙi. Amma arha da sauƙi ba su ne shaidar ƙwarewa ba, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mudun awo

Tun a 1959 wani Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya raba awon kowane irin horo hawa huɗu: jin daɗin mahalarta, abin da suka koya, abin da suka canza a wurin aiki, da kuma amfanin da ya biyo baya. A 1990 George Miller ya kawo irin wannan rabo musamman ga likitoci: wanda ya sani, wanda ya san yadda ake yi, wanda ya nuna ya iya a gaban mai jarrabawa, da wanda yake yi a bakin gadon majiyyaci sa'ad da ba mai kallonsa. Abin takaici, rahotannin kwasa-kwasai da yawa a hawa na farko suke tsayawa. A raba takarda ranar rufe taro, bayan an ci an sha an karɓi kuɗin guzuri, a tambayi mahalarta ko sun gamsu. Wa zai ce bai gamsu ba? Irin wannan takarda tana da amfani wajen gyara masauki da jadawali, amma ba ta gaya wa kowa ko za a gane ruwan da ya taru a zuciyar magidancin nan.

Haka kuma ba a dogara da tambayar ɗan koyo ko yana jin ya iya. An daɗe da lura a fagen koyar da likitoci cewa ƙarfin gwiwa da ƙwarewa ba kullum suke tafiya tare ba, kuma mai ƙarfin gwiwar da bai iya ba ya fi mai shakka haɗari, domin shi mai shakka yakan nemi na gaba da shi.

Hawa na biyu shi ne jarrabawa kafin kwas da bayansa. A nan ma akwai tarko. A 2008 David Cook da abokan aikinsa suka tattara bincike 201 a kan koyar da ma'aikatan lafiya ta intanet. Suka tarar cewa in an kwatanta wannan koyarwa da rashin koyarwa sam, bambancin yana da girma, amma in an kwatanta ta da koyarwar aji da aka saba, bambancin ƙanƙane ne. Ma'ana, wanda ya ce maki ya tashi daga ƙasa zuwa sama bayan kwas bai faɗi wani abin mamaki ba, domin duk wanda aka karantar zai fi yadda yake jiya. Gwajin adalci shi ne a raba 'yan koyo gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya ya bi sabuwar hanya, ɗaya ya bi tsohuwa, a daidaita musu yawan sa'o'in riƙe na'ura, sa'an nan mai ba da maki ya duba hotunan ba tare da ya san na wane kashi ba ne. In malamin da ya tsara kwas shi ne alƙalinsa, to, an ba kura ajiyar nama. Wajibi ne kuma a ƙirga waɗanda suka fara darussan intanet suka watsar a hanya, domin in mutum arba'in suka fara, goma sha biyu suka gama, rahoton da ya yi magana a kan sha biyun kaɗai ya ɓoye rabin gaskiya.

Jarrabawar allo tana auna ido ne kawai. Hannu sai a jikin mutum. Tun 1975 Ronald Harden na Dundee a Sikotland ya fito da jarrabawar aiki mai tashoshi, inda ɗalibi ke zagayawa yana yin aiki a gaban masu duba da takardar maki iri ɗaya, kuma ana iya amfani da ita a nan: a ba ɗan koyo minti goma ya samo hotunan da aka ƙayyade, a duba ko kowanne ya fito daidai, a duba ko abin da ya rubuta ya yi daidai da na ƙwararre. Sai dai a kula da wanda aka kwantar masa. A wurin kwas akan kawo samari sirara masu lafiya, waɗanda zukatansu ke fitowa tangaran kamar hoton littafi. A asibiti kuwa mai ƙiba ne, ko tsoho mai ciwon huhu, ko mace mai haki da ba ta iya kwanciya, ko yaro mai kuka. Wanda aka jarraba shi da saurayi mai lafiya kaɗai, ba a jarraba shi ba tukuna.

Akwai gwaje-gwajen da suka kai ga wannan hawa, kuma sakamakonsu yana ba da ƙarfin gwiwa, yana kuma jan kunne. A Birazil, bisa rahoton da aka buga a 2016, mutum shida waɗanda ba ƙwararru ba, masu ɗan gajeren sabo da na'ura, sun yi mako uku suna karatu a kwamfuta, sa'an nan aka kai su makarantu. Sun gano kashi 83 cikin 100 na yaran da ke da ciwon ƙofofin zuciya, sun kuma wanke kashi 85 cikin 100 na masu lafiya. A tsibiran Fiji, a wannan shekara dai, aka buga sakamakon ma'aikatan jinya bakwai da aka horar mako takwas, suka auna yara 2,004, suka sami kashi 84 da kashi 86. Amma da aka duba su ɗaya bayan ɗaya sai aka ga wani ya gano duk masu ciwon da suka zo hannunsa, wani kuwa kashi biyu cikin uku kawai. Horo ɗaya, malamai ɗaya, hannu daban. Matsakaicin makin aji ba ya warkar da kowa, domin majiyyaci ba a gaban aji yake kwanciya ba, a gaban mutum ɗaya ne. Saboda haka kowane ɗan koyo sai an auna shi shi kaɗai kafin a sake shi.

Yana da kyau jama'a su fahimci abin da waɗannan alƙaluma ke nufi a aikace. A ƙaddara an auna yara 1,000, kuma 20 daga cikinsu ne ke da ciwon. Mai awo irin na Fiji zai gano kimanin 17, ya sallami 3 da ciwonsu. Cikin 980 masu lafiya kuma zai tura kimanin 137 zuwa asibitin koyarwa ba gaira ba dalili. Kowane ɗaya daga cikin 137 ɗin nan kuɗin mota ne, da kwanan zullumi ga iyaye, da layi a gaban ƙwararren da dama aiki ya yi masa yawa. Ukun da aka sallama kuwa an ba iyayensu kwanciyar hankalin da ba na gaskiya ba. Duk rahoton awon kwas da bai faɗi waɗannan lambobi biyu ba, na waɗanda aka rasa da na waɗanda aka tayar wa hankali a banza, bai cika ba.

A lura kuma, waɗannan gwaje-gwaje a kan ciwo ɗaya aka yi su, da 'yan hotuna kaɗan da aka ƙayyade. Sun nuna ana iya koya wa mutum amsa tambaya ƙarama cikin makonni: akwai ruwa ko babu, zuciya tana matsawa da ƙarfi ko ta saki, ƙofa tana yoyo ko ba ta yi. Ba su nuna ana iya yaye likitan zuciya cikin mako uku ba. Takardar shaidar da za a ba wanda ya gama irin wannan kwas ya kamata ta faɗi iyakar abin da aka amince masa, don kada a wayi gari an rataye ta a bangon wani asibitin kuɗi ana karɓar dubban nairori da sunan cikakken hoton zuciya.

Bayan wata shida

Hawa na uku da na huɗu su ne masu tsada, su ne kuma ake gudu. Aikin hannu in ba a yi yakan dushe. Likitan da ya ci jarrabawa ranar Juma'a, ya koma asibitin da babu na'ura, ko akwai ta amma tana kulle a ofishin shugaba, ko ta lalace ba mai gyara, bayan wata shida sai a fara daga farko. Don haka awo na gaskiya yana komawa bayan wata uku, da bayan wata shida, da bayan shekara, ya tambaya: hoto nawa ya ɗauka? Nawa ƙwararre ya duba? A nawa aka saɓa? Majiyyata nawa aka canza wa magani saboda abin da aka gani? Nawa aka tura gaba, kuma nawa ne cikinsu suka isa?

Lissafin kuɗi ma sai an yi shi duka. Ba a tsayawa ga kuɗin masauki da aka rage. A saka kuɗin shiga intanet da ɗan koyo ke biya daga aljihunsa, da ɗaukewar wuta, da ƙarancin sabis a ƙauyuka wanda ke sa hoto mai motsi ya ƙi buɗewa, da kuma lokacin ƙwararren da zai zauna da dare yana duba hotunan almajiransa. Wannan lokaci shi ne ginshiƙin tsarin duka, kuma shi ne aka fi mantawa a kasafi. Kwas ɗin da ya yi kyau a Legas ko Abuja sai an sake gwada shi a inda wuta ke zuwa sa'a biyu a yini kafin a ce ya dace da ƙasa baki ɗaya.

Akwai sabon abu da ya shigo. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata manhaja mai nuna wa mai riƙe da na'ura inda zai karkata hannunsa. A gwajin da aka buga a 2021, ma'aikatan jinya takwas da ba su taɓa aikin ba suka ɗauki hoton majiyyata 240 da taimakonta, kuma a kusan kashi 99 cikin 100 hoton ya isa a auna girma da ƙarfin babban ɗakin hagu na zuciya. Abin a yaba ne, amma a asibitocin Amurka aka yi shi, kuma ƙwararru ne suka karanta hotunan. Duk mai son kawo irin wannan manhaja nan, mudun da aka ambata a baya shi za a auna ta da shi, a jikin majiyyatan ƙasar nan.

Saura magana ɗaya da ta shafi haƙƙin majiyyaci. Tun da tsarin ya dogara ga aika hotuna daga ƙauye zuwa birni, sau da yawa ta WhatsApp, wajibi ne a nemi yardar mai hoton ko waliyyinsa, a kuma goge sunansa da lambar katinsa daga allo kafin a aika. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ke bukatar kulawa ta musamman. Majiyyaci yana da ikon tambayar wanda ya ɗauki hoton ko wani ƙwararre zai sake dubawa, da ranar da za a ba shi amsa. Shugaban asibiti kuma ya ajiye littafi kusa da na'urar, a riƙa rubuta ranar kowane hoto, da wanda ya ɗauka, da abin da ya gani, da abin da ƙwararre ya ce daga baya, domin da wannan littafi ne masu awo za su fara in sun zo.